Ranar da Aka Kwance Bandejin Amos

Shekara ashirin da ɗoriya Roman Kubiak ya yi yana amsa sunan da ba shi aka raɗa masa ba. Daga Brooklyn har Queens, direban tasi da mai yankan nama da matan da ke jiran injin wanki ya gama juyi, kowa Lauya Amos yake ce masa, wasu har su tare shi a bakin titi suna neman shawara a kan rigimar gado. Shi kuwa ba ya ƙosawa. Sai ya gyara tsayuwa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce su nemi lauyan gaske, shi na sabulu ne. Haka ake kiran irin wasan nasu, wasan sabulu, don kamfanin sabulu ne ke ɗaukar nauyinsa. Sunan nasu Gidajen Bakin Tafki, kullum da rana ake nuna shi a talabijin, Litinin zuwa Juma'a, ba damina ba rani.

Kafin ya zama Amos Whitlock, Roman ya sha wuya har ta gaji da shi. Da ƙuruciya ya tafi California ya shiga finafinan kaboyi, inda aikinsa bai wuce faɗowa daga kan doki ba. An harbe shi, an rataye shi, akwai fim ɗin da ya mutu tun ba a gama rubuta sunayen 'yan wasa ba. Ya dawo New York da ciwon ƙugu da akwati guda, ya raba ɗaki da wani siririn saurayi, Mel Garrity, mai rubuce-rubucen da ba mai saye. Kwat ɗaya gare su, wanda ke da ganawa a ranar shi zai sa, ɗayan ya zauna gida cikin bargo. Da Allah ya ɗaga Roman, bai rufa shekara ba ya jawo Mel ya shigar da shi cikin marubutan shirin, kuma da aka so korarsa shi ya tsaya kai da fata. Yanzu Mel ne furodusa, shi ke da wuƙa shi ke da nama, amma har gobe Roman “ɗan ɗakina” yake kiransa.

Roman bai yi dace da aure ba, bai kuma haihu ba. Wadda ta rage masa a duniya ita ce mahaifiyarsa, Halina, a wani gidan kula da tsofaffi a Queens. Tsufa ya wanke mata kai. Duk ranar da ba shi da ɗauka sai ya hau jirgin ƙasa ya je, ya zauna kusa da kujerarta, ita kuwa ta ɗauke shi mai gyaran talabijin ne, don ko yaushe ya shigo sai ya fara daidaita mata eriya. Ba ta ganin ɗanta a cikin wannan dattijo mai furfura. Amma da zarar an fara shirin, aka nuno Amos da gashinsa rinanne, ya zauna a teburinsa ya ƙwanƙwasa zobe a jikin kofin shayi, sai fuskarta ta washe.

“Romek,” sai ta ce, sunan da take kiransa da shi tun yana yaro. “Ka ga ɗana, malam. Haka ubansa yake yi.”

Gaskiya ta faɗa. Ƙwanƙwasar nan ta mahaifinsa Jozef Kubiak ce, mahaucin unguwar Greenpoint, wanda ba ya faɗin magana mai nauyi sai ya buga zoben aurensa a kofi. Zoben ma shi ne a hannun Roman. Ya taɓa gwada yi mata a fili, a gabanta, da kofin gidan, ko Allah zai sa ta gane shi. Ta harare shi ta ce ya bari kada ya fasa wa mutane kofi. Tun daga ranar bai sake ba. Ya haƙura da rabin sa'ar da akwatin ke ba shi, ya zauna yana sauraron uwarsa tana kiran sunansa ga gilashi. Mutum ɗaya kaɗai ya gaya wa wannan magana, shi ne Mel.

Wata ranar Talata Mel ya ja shi shagon da suka saba cin burodi da naman gishiri tun suna matasa.

“Tsoho, zan kifar da kai a mota a cikin shirin,” in ji Mel.

“Kuma dai? Ai ka taɓa kifar da ni.”

“Wancan kwalekwale ne. Wannan mota ce, da wuta da komai. Fuska za ta ƙone, a naɗe ka da bandeji daga wuya har tsakar ka, kusan wata biyu. Matan ƙasar nan za su yi kuka har sai an matse kafet.”

“Daga nan fa?”

“Daga nan a kwance bandejin, Amos ya tashi ya ci gaba da cin shari'a.” Mel ya faɗi haka yana kallon burodinsa. “Ga inda daɗin yake: ba sai ka zo ba. Kowane ƙato aka naɗe ya wadatar. Tafi Florida ka shanya ƙugun nan a rana, ka huta.”

Roman ya ajiye cokali. “Mama fa? Wata biyu ba ta ga fuskata ba, sannan ga hannun wani a kan gado? Za ta ɗauka na mutu. A'a, ɗan ɗakina. Hannu nawa ne, ido nawa ne, ni zan kwanta.”

“Zafi zai kashe ka a ƙarƙashin fitilun nan.”

“Doki ma bai kashe ni ba.”

Mel ya goge baki, ya ce taurin kan Roman ba a koyonsa sai dai a haife ka da shi. Sannan, kamar abin ya faɗo masa ne yanzu, ya ce za su kawo wa Amos ƙane, wanda ya ɓace a Kanada.

“Tun yaushe Amos yake da ƙane?”

“Tun jiya da yamma. Yaron sunansa Trent Mabry. Ina so ka riƙe masa hannu, ka nuna masa tafiyarka, da zamanka, da abin nan na zobe. Duk wanda ya gan shi ya san jini ɗaya ne.”

Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san abin da bandeji yake nufi. Roman ma ya sani, don a gabansa aka naɗe wata 'yar wasa a wani shirin, aka kwance aka ga wata daban. Amma mutum ba ya tsammanin maciji a cikin takalminsa. Da wani ne ya kawo maganar da ya shafa wa gemunsa ruwa tun a teburin. Mel ne, wanda suka sa kwat ɗaya.

Trent ya zo, dogo, mai fararen haƙora, ɗan shekara talatin da wani abu, ga ladabi kamar ya kwanta a taka shi. Yallaɓai yake ce wa Roman. Roman kuwa ya ɗauke shi kamar ɗan da bai samu ba. Ya nuna masa yadda Amos ke jingina da ƙofa kafin ya shiga ɗaki, yadda yake cire tabarau idan zai yi ƙarya ya mayar idan zai faɗi gaskiya. Da aka zo kan zobe, ma'aikatan kayan wasa sun riga sun ƙera wa yaron irin nasa sak, wai ubansu ya bar wa kowane ɗa guda.

Trent ya buga a kofi, ƙwas ƙwas, kamar mai kiran sabis a otal.

“A'a, yaro, ba shayi kake nema ba,” in ji Roman. “Na farko da ƙarfi. Sai ka jira. Ka jira har mutumin ya ɗago ido. Na biyun a hankali, kamar ka yi da-na-sanin na farkon. Babana bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba, na biyun nan shi ne ban-haƙurinsa.”

Ya ba shi labarin Jozef kaf: ƙamshin sabulun da yake wanke hannu da shi, ranar da ya buga zoben ya ce masa wasan kwaikwayo ba sana'ar 'ya'yan mutane ba ce, sannan ya buga na biyun ya miƙa masa tikitin mota zuwa California. Yaron ya saurara idonsa ya ciko. Ya gwada, ya sake gwadawa, har ranar da Roman ya ji sautin daga bayansa gabansa ya faɗi, ya waiga yana neman ubansa.

“Ka samu,” ya ce, ya dafa kafaɗarsa. “Yanzu kai ɗan gidanmu ne.”

Aka kifar da motar, aka kwantar da Amos. Kullum da safe sai a naɗe kan Roman a bar masa ido da hanci da 'yar kafar da tsinken shan ruwa zai shiga. Fitilu suna gasa shi, gumi yana bin kunnuwansa, ba damar susa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. A gaskiya ma bai taɓa yin wasa mai kyau irin na makonnin nan ba, don da aka ƙwace masa fuska da murya sai ya zuba komai a ido da yatsu. Corinne Ashby, wadda ta daɗe tana fitowa a matsayin matar Amos har mutane na zaton aurensu na gaske ne, takan zauna a bakin gadon ta riƙe hannunsa tana kuka, hawaye na gaske, har bayan darakta ya ce a tsaya ba ta dainawa. Roman ya yi ta yaba mata, yana cewa tsufa ya zo mata da basira.

A kowace fitowa sai ya san yadda ya yi ya buga zoben a ƙarfen gado, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Ya san wa yake yi wa. A Queens kuwa Halina takan matso da kujera, carbinta a hannu, ta zuba ido ga naɗaɗɗen kan nan har sai ta ji ƙarfen ya yi ƙara.

“Da ransa,” sai ta ce, ta sauke ajiyar zuciya. “Romek yana nan. Ƙara mini murya, malam.”

Trent kuwa kullum yana wurin, a tsaye bayan kyamara, yana kallo. Ba a fara ɗaukar nasa ba. Duk lokacin da Roman ya tambaya, sai Mel ya ce ƙanen yana hanya, Kanada da nisa.

Ana gobe za a kwance bandejin, Roman ya gama da wuri, aka warware shi, ya bi ta ɗakin sutura. Ɗoki yake yi kamar yaro ana jajibirin salla. So yake ya gwada kwat ɗin Amos mai ruwan toka, wadda zai sa ya bar asibiti, ya ga ko kwanciyar wata biyu ta ƙara masa tumbi. Ba kowa a ɗakin. Ya zaro ta daga marataya ya zura hannu.

Hannun rigar ya rufe masa yatsu.

Ya tsaya yana kallonta a madubi. Kwat ɗinsa ce, ga ɗan tabon taba a bakin aljihu, shi ya ƙona ta da kansa. Ya juya bakin hannun, ya ga an farke tsohon ɗinki an saki yadi, sabon zare fari tas. Kafaɗa ma an buɗa. Yana nan tsaye kamar yaron da ya sa rigar babansa, sai ya ji sauti daga ɗakin gwaji da ke jikin bango. Zobe a jikin kofi, da ƙarfi. Shiru. Sannan na biyun, a hankali.

Sai muryar Corinne, tana rawa: “Amos. Kai ne. Fuskar ba taka ba ce, amma kai ne.”

Ya tura ƙofar. Trent na zaune da kofi a gabansa, Corinne a durƙushe da takardar wasa a hannu. Yaron ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi.

“Yallaɓai, wallahi an ce mini ka sani. Daga baya da na gane, na so in...”

Roman bai ko dube shi ba. Corinne yake kallo. “Tun yaushe?”

Ta rufe baki da hannu. “Tun kafin haɗarin. Roman, Mel ya ce idan na yi magana matar Amos ma za ta shiga motar.”

“Ashe kukan nan ba basira ba ce.”

Bai cire kwat ɗin ba. Da ita ya hau bene, hannuwa na reto, ya shiga ofishin Mel ba sallama. Mel yana waya, ya ɗago, ya ga rigar, ya ajiye wayar ba tare da ya yi wa na can bankwana ba.

“Zauna, tsoho.”

“Ƙanena ya iso daga Kanada.”

“Yau da yamma na yi niyyar gaya maka. Na rantse.”

“Ka yi niyya. Wata biyu ina gasuwa a ƙarƙashin fitila, kana wucewa kana dafa ƙafata kana cewa sannu da aiki.”

“Na ce ka tafi Florida. Ban ce ba? Na buɗe maka ƙofa ka fita da mutuncinka, kai ka ƙi.” Mel ya tashi ya rufe ƙofar ofishin. “Masu sabulu sun ce matan da ke kallonka sun daina sayen komai sai maganin ciwon gwiwa. Suna son Amos, amma matashi. Ko in ba su, ko su kawo wanda zai ba su. Na yi faɗa a kanka shekara guda, ba ka sani ba.”

“To da ka kashe shi mana. Ai na iya mutuwa, sana'ata ce ta fari. Ka kashe Amos, a yi masa jana'iza, in tafi gida da shi.”

“Amos ba ya mutuwa. Shi ne shirin.”

Roman ya gyaɗa kai. Ya san a kan wannan ba shi da ta cewa, domin a gidan talabijin ba a gadon kujera. Ya yi ƙasa da murya, abin da bai taɓa yi wa Mel ba a rayuwarsu, ya roƙe shi.

“Ku riƙe sunan. Ku riƙe rigar, ga ta nan kun ma gyara. Abu ɗaya nake roƙo: a cire zoben. Ba Amos ne ya zo da shi ba, ba kai ka rubuta shi ba. Na babana ne.”

“Ba zai yiwu ba. A kansa aka gina fitowar gaba ɗaya. Ta yaya matarsa za ta yarda shi ne? Ta yaya masu kallo za su yarda?”

“Shi ya sa ka ce in koya masa.”

“Da na gaya maka gaskiya za ka koya masa?”

Nan Mel ya kamata ya yi shiru. Amma wanda ya ci amana ba ya iya barin ta haka, sai ya nemi a gode masa. Ya zagayo teburin, ya sassauta murya irin ta masu ta'aziyya.

“Ka yi tunanin Mama Halina. Idan babu zoben, gobe ɗanta ya ɓace mata ke nan har abada. Da zoben kuwa tana da shi kullum, ko bayan ni da kai. Har da ita na duba, Roman.”

Roman ya zuba masa ido. Maganar da ya gaya wa mutum ɗaya tak a duniya, yana kuka a cikin mota a ƙofar gidan tsofaffi, ita ce aka ɗauka aka auna, aka ga tana da amfani. Ya san yanzu inda Mel ya samo dabarar. Idan uwar da ta haife shi za ta bi zobe ta bar fuska, ai sauran matan ƙasar ma za su bi.

Ya cire kwat ɗin ya ɗora a kan teburin. “Riƙe. Yau kai ke da ganawa.”

Washegari ya zo. Kowa ya ɗauka ba zai zo ba, har an tanadi wani ƙato a gefe. Amma bai yarda hannun baƙo ya yi masa kwanciyar ƙarshe ba. Aka naɗe shi. Ya kwanta. Mai fitowa a matsayin likita ya kama bakin bandejin ya fara warwarewa a hankali, kyamara ta bar gadon ta koma kan fuskar Corinne.

“A tsaya,” in ji darakta. “A canza.”

Haka ake yi, ba wani abu ba ne. Roman ya sauko da rabin kansa a naɗe, Trent ya hau, kansa a naɗe daidai inda na Roman ya tsaya, ya kwanta a gurbin da ɗumin jikin wani bai bar shi ba. Wata mata ta gyara masa bargo. Aka ce a ci gaba. A bayan kyamarori an ajiye kek a kan tebur da sunan Roman a jiki, don al'ada ce idan ɗan wasa zai tafi a yi masa tafi a yanka kek. Mel na tsaye kusa da shi da wuƙa a hannu. Roman ya wuce ta gabansa yana warware sauran bandejin da kansa, ya jefa a kwandon shara, ya fita titi. An ci moriyar ganga, kwaurenta kuwa ya san hanyar gida.

Ana ɗaukar shirin ne makonni kafin a nuna, saboda haka ya samu lokacin da zai yi ta juya abin a ransa. Mel ya yi ta kira, bai ɗauka ba. Ya ci gaba da zuwa Queens yana kallon kansa a naɗe, yana jin uwarsa tana cewa da ransa. Ya yi tunanin ranar ya cire wayar talabijin ya ce ta lalace, tunda dai shi ne mai gyara. To gobe fa, da jibi? Ya yi tunanin kada ya je. Ya kasa. Abin da ya fi damunsa shi ne bai san me zai roƙi Allah ba. Idan ta ƙi yaron, ta rasa ɗa. Idan ta karɓe shi, shi ya rasa uwa.

Ranar ta zo, Juma'a ce, don irin wannan fitowa ranar Juma'a ake ajiye ta. Ya sayo mata 'yan ƙosan dankalin da take so daga Greenpoint, ya daidaita eriya, ya zauna. Nas ɗin da ke kula da ita, wadda ta san ko shi wane ne, ta tsaya a bakin ƙofa, sannan ta ga gara ta ba su wuri.

A cikin akwatin, likita ya fara warware bandejin. Halina ta matso, carbi ya tsaya a yatsunta. Roman ya ga hannunsa a kan bargo, nasa na gaske, da jijiyoyinsa da tabon igiyar doki. Aka nuno Corinne. Aka dawo kan gado. Bandeji na ƙarshe ya faɗi, sai ga fuska sumul, ba ko tamoji.

Tsohuwar ta ja baya. Ta dubi akwatin, ta ƙanƙance ido.

“Wane ne wannan? Ina suka kai shi?” Ta juyo ga Roman. “Malam, ka taɓa wani abu ne? Ka canza tasha. Mayar mini da ɗana.”

Wani irin daɗi ya ratsa Roman, mai kunya, mai zafi, wanda bai san yana da wurinsa a zuciya ba. Ba ta yarda ba. Uwa dai uwa ce. Ya kama hannunta, ya buɗe baki zai ce Mama, ga ni nan, ni ne, ko da za ta sake hararar sa.

A cikin akwatin, baƙon ya miƙa hannu ga kofin da ke gefen gado. Ya buga da ƙarfi. Ya jira, ya jira har Corinne ta ɗago ido, daidai yadda aka koya masa. Sannan na biyun, a hankali.

Halina ta matso. Ta zare hannunta daga na Roman ta dafe ƙirji, fuskarta ta washe fiye da yadda ya taɓa gani a shekarun nan.

“Romek,” ta ce. “Ashe kai ne. Ka ba ni tsoro, ja'iri.” Ta juyo tana dariya da hawaye. “Ka gani, malam? Ya warke. Har ya fi da kyau. Ɗana ne. Haka ubansa yake yi.”

Roman ya dubi yaron a cikin gilashi. Bai kuskure ko kaɗan ba, har ɗan sunkuyar da kan da Jozef ke yi bayan na biyun, wanda Roman bai ma san ya koya masa ba. Ya sa hannunsa na hagu a ƙarƙashin na dama ya rufe zoben.

“Na gani, Misis Kubiak,” ya ce. “Kin haifi ɗa.”

“To ƙara mini murya mana, zai yi magana.”

Ya tashi ya ƙara mata.